Shaidar Gidan Cindo

A Ƙauran Namoda layin dogo ya ƙare. Jirgin da ya iso nan ba shi da gaba, sai dai ya koma inda ya fito. Komawar kuwa ba ta yiwuwa sai an kwance kan jirgi an juyo da shi, an ware taragun da suka iso, an jera waɗanda za su tafi, kowane a gurbinsa. Aikin Jibrilu ke nan tun yana saurayi har furfura ta cim masa.

Asalinsa mutumin Ɗan Isa ne, daga wani gida da ake kira Gidan Cindo. Kakansa yana da yatsa na shida a gefen ƙaramin yatsa, ubansa yana da shi, shi ma ya zo da nasa a hannu biyu. Gida ne na mata. Kowane zamani namiji guda ke tsayawa, sauran duk ɗiya mata, saboda haka ba a wahala wajen lissafin maza.

Suna da al'adarsu. In namiji ne, a bar masa cindonsa. In mace ce, tun ranar haihuwa ungozoma za ta shiga da zare ta ɗaure, a naɗe hannun da tsumma, ba a kwancewa sai ranar suna, lokacin abin ya bushe ya faɗi. Ungozoma ta tafi da kwaryar hatsi da ake kira geron zare. A gidan ana cewa ɗansu da shaidarsa yake zuwa, kuma ana faɗin haka da jin kai, kamar wata sarauta ce.

Cindon bai taɓa hana Jibrilu aiki ba. Safar hannun da ake ba ma'aikata ce kawai ba ta san da zamansa ba, sai matarsa Ummuhani ta tsaga gefenta ta yi wa bakin ɗinki. Wani shugaban tasha ya taɓa ba shi shawara ya je a cire, kada ƙarfe ya kama. Jibrilu ya ce zai yi tunani. Yana cikin tunanin aka yi wa mutumin canjin wurin aiki.

Ba mai yawan magana ba ne, aikin ma ba ya son magana. Taragon shanu ba ya zama kusa da na mutane, na gadi kullum shi ne ƙarshe, kuma kowane tarago sai an rubuta masa da alli abin da zai ɗauka da inda za shi. Abin da Jibrilu ya sani game da duniya bai wuce wannan da yawa ba, ya kuwa ishe shi.

Shekarar da aka ba Zamfara jiha ya ajiye aiki. Lokacin jirgi ya riga ya zama baƙo. Gari ya cika da murna, wasu suka zo suka same shi gindin dogon yaron da ke bakin tasha, inda yake wuni, suka yi masa albishir. Ya tambaya ko yanzu layi zai wuce Shinkafi. Suka ce ba a yi wannan maganar ba. Ya ce to, madalla.

'Ya'yansa uku suka rayu: Ummulkhairi, Nusaiba, sai autansu Imrana, mai cindo hannu biyu kamar ubansa. Imrana fataucin dabbobi ya kama. Kasuwar Shinkafi ce gidansa na biyu, wani lokaci ya ƙetara Nijar ya daɗe. Ya auro Hanifa, ɗiyar wani malami a Zurmi, yarinya mai sanyin hali wadda ba ta san komai game da cindo ba sai abin da ta gani a hannun mijinta.

Haihuwarta ta fari ta faɗo a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. A lokacin kowa na auna maganarsa a waje, gidajen giya sun rufe, maza sun saki gemu, har da waɗanda gemun bai amsa musu kira ba. Naƙuda ta zo wa Hanifa kafin a kai ta gida Zurmi kamar yadda aka shirya. Ta haifi namiji.

A gidan akwai Kulsumu, yayar Jibrilu, wadda ta dawo zama wurinsa bayan rasuwar mijinta. Kowa Gwaggo yake ce mata, kuma ita ke riƙe da tarihin gida. Ita aka fara miƙa wa jariri. Ta buɗe zani, ta kamo hannun dama.

"Biyar," in ji ta.

Ta kamo na hagu. "Biyar."

Ta duba ƙafafu ma, ko an yi mantuwa an kai can. Sannan ta mayar da yaro, ta ce Allah shi raya, ta tambaya, kamar mai tambayar farashin gishiri, yaushe ne ma Imrana ya dawo daga Nijar bara. Ba ta ƙara komai ba. Ba a kuwa bukaci ƙari ba.

Hanifa dai godiya take yi wa Allah da ya ba ta yaro cikakke. Sai da ta ga masu barka suna shigowa suna buɗe hannun jariri kafin su dubi fuskarsa, sannan ta fara rufe shi da zani.

Imrana ya zo daga kasuwa. Ya dubi hannun yaron, ya dubi nasa, ya ce zai koma Shinkafi neman ragon suna. Mutumin da sana'arsa ke nan, a kasuwar da raguna ke taka mutum, ya tafi neman rago ya yi shiru.

Magana ta fita ta bakin injin niƙa, ta zagaya, ta dawo wa Jibrilu gindin dogon yaro. Wani maƙwabci ya zauna kusa da shi, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce ai yanzu an samu sauƙi, akwai alƙali, sai a kai a tantance. Jibrilu ya dubi layin dogo. Can ya ce shi ma ya ji haka, ya kuma ji cewa bulalar ƙazafi tana cikin abin da aka ƙaddamar. Maƙwabcin ya tuna yana da saƙo a kasuwa.

Amma Jibrilu ya san bakin maƙwabci kawai ya rufe. Ko liman aka tambaya zai ce ɗa na mijin uwarsa ne, an gama. Sai dai hukunci ba ya shiga zuciya ya share ta. In Imrana bai dawo da rago ba, iyayen Hanifa za su zo su tafi da ita wankan jego, kuma tafiyar ba ta da dawowa. Yaron zai tashi a Zurmi da sunan da ba a raɗa masa ba. Abin da ya fi damun tsohon shi ne, shi ma da aka miƙo masa jikan, ya ƙirga.

Sai ya tuna da Malam Abdussamad, mai koyar da ilmin halittu a makarantar sakandare. Ɗan gidan malamai ne, ubansa ya yi limanci, amma matan unguwa Malam Mai Ƙwai suke ce masa, don yana sayen ƙwan da kaza ke kwanci a kai ya fasa wa ɗalibai. A ganinsu ba a ci ba, ba a ƙyanƙyashe ba, asara biyu.

Jibrilu ya same shi a zaure bayan la'asar. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo. Sannan ya miƙa hannunsa ya ce yana da tambaya game da wannan abin, ba don komai ba, tsufa ne ke sa mutum tambaya. Mi ke sa shi fitowa? Malamin yana zaune a unguwar da injin niƙan yake, amma bai nuna ya ji komai ba. Ya shiga ciki ya fito da ƙwai da faranti da madubi mai ƙara girman abu.

Ya fasa ƙwan a hankali. A saman gwaiduwa akwai wani ɗan zare fari, da wasu 'yan ƙulle-ƙulle jere a gefensa biyu. Jibrilu ya sa madubi ya daɗe yana kallo.

"Taragu," in ji shi.

"Kusan haka, Baba. Nan ne kai, nan ne wutsiya. Waɗannan da ke jere su za su zama ƙashin baya."

Malamin ya yi masa bayani a tsanake. Ya ce jiki, na kaza ko na mutum, daga ƙwaya ɗaya yake farawa, ta rabu biyu, biyun su rabu, har su yi yawa. Da fari duk iri ɗaya ne, kowace za ta iya zama ido ko ƙashi ko fata. Jibrilu ya ce tarago ne da ba a rubuta masa alli ba. Malamin ya ce shi ke nan. To a cikin kowace ƙwaya akwai umurnin gado da aka samo daga uwa da uba, kuma cikin umurnin nan akwai wani rukuni da masana ke kira Hoks. Su ba sa gina komai da kansu. Aikinsu su gaya wa kowane yanki inda yake: kai wuya ne, kai ƙirji ne, kai ƙugu ne. Su buɗe wa wannan hanya, su rufe wa wancan. Da zarar ƙwaya ta karɓi nata umurnin, ta kama hanya ke nan, ba ta juyowa. Wasu kaɗan ne ake ajiyewa a gefe ba a gama rubuta musu ba, kamar na cikin ɓargo da ke yi wa mutum sabon jini har ya mutu.

"Layin ajiya," in ji Jibrilu.

Abin mamakin, a cewar malamin, shi ne su masu umurnin a jere suke zaune, kuma jerinsu ya bi jerin jiki: na gaba ya kula da gaba, na ƙarshe ya kula da ƙarshe. Iri ɗaya ake samu a ƙuda da kaza da ɗan Adam. Jibrilu ya tambaya wa ya jera su. Malamin ya ce nan karatunsu na makaranta ya tsaya, daga nan sai karatun babansa.

Hannu ma haka ne, in ji shi. Yakan fito kamar ɗan faifai, sannan a raba shi yatsu. Akwai masu umurni da dama a wannan aikin, wasu 'yan rukunin nan, wasu abokan aikinsu. In ɗaya ya ɗan sha bamban, sai a samu ƙari. Wanne ne a gidan Baba, shi bai sani ba, ba shi da abin dubawa. Abin da ya sani shi ne kowane mutum biyu-biyu yake ɗauke da umurnin, ɗaya na uba ɗaya na uwa, kuma ɗaya kawai yake ba ɗansa, ba shi ne mai zaɓa ba. Mai cindo zai iya ba da na cindo, zai iya ba da ɗayan. Wani ma yana ɗauke da shi bai fito masa ba, sai a jikansa.

Jibrilu ya ajiye madubi. Ya ce to in haka ne, ya kamata a ce a gidansu akwai masu biyar da yawa.

"Ya kamata."

"Babu ko ɗaya."

"Ban sani ba, Baba. Ni dai abin da na karanta ke nan."

Jibrilu ya yi godiya. Ya tambaya mi za a yi da ƙwan. Malamin ya ce zubarwa. Jibrilu ya ce ashe matan suna da gaskiya.

A hanya yana tafe yana jera mutanen gidansu kamar taragu. Maza dai an gan su: kaka, uba, shi, Imrana. Mutum huɗu. Sauran duk mata ne, kuma kowace da tsumma a hannu aka fara ganinta.

Ya tarar da Ummuhani tana tsince shinkafa a inuwar rumbu. Ya zauna nesa kaɗan, ya yi maganar ruwan sama, ya yi maganar tsadar itace. Sannan ya tambaya, lokacin da aka haifi Nusaiba, abin da ya faɗi daga hannunta, ina aka binne shi? Ummuhani ba ta ɗago ba. Ta cire tsakuwa ta jefar, ta cire wata.

"Malam, tsumma ba ya faɗin abin da ke cikinsa."

"An dai ba da geron zare."

"An ba da."

Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, kamar da shinkafar take, mace ce kawai ake naɗe wa hannu, yarinyar nan ta Zurmi ba ta yi sa'a ba. Jibrilu ya dubi matar da suka tsufa tare. Ya ga bai san wane irin mako ta yi ba a wancan lokacin, kuma bai tambaya ba.

Ya aika wa Imrana ta bakin wani direba cewa ubansa na son ganinsa, da rago ko ba rago.

Ana jajibirin suna Imrana ya iso, ba rago. Gida ya cika, Ummulkhairi da Nusaiba sun zo daga gidajen mazansu, ana ta daka. Hanifa na ɗaki, an ɗage labule kaɗan. Jibrilu ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, abin da ba ya yi. Ya zaunar da Imrana. Ya ce ya lura Imrana ya girma bai san tarihin gidansu ba, na maza kawai ya sani, ya kamata a nuna masa shaidar mata. Gwaggo Kulsumu ta ce wallahi ya kamata, yaran yanzu ba su san komai ba. Ta matso.

Ya kira Ummulkhairi ya ce ta nuna wa ƙaninta inda aka ɗaure mata. Ta miƙa hannu. A gefen ƙaramin yatsa akwai ɗan ƙululu kamar ƙwayar dawa, hannu biyu. Gwaggo ta ce to ka gani, ba ya ɓacewa, ko an tsufa.

"Ko an tsufa, Yaya?"

"Ko an shekara ɗari."

Ya kira Nusaiba. Ta miƙa hannu tana dariya, ta juya shi, ta juya ɗayan. Dariyar ta ragu. Gefen yatsan sumul yake kamar na kowa. Gwaggo ta kamo hannun ta kai kusa da ido, ta murza, ta ce wannan ungozomar ta ƙware ne. Ummuhani tana can tana tankaɗe, ba ta waiwayo ba.

"Haka ne," in ji Jibrilu. "Yaya, nuna masa naki. Ke ce babba."

Gwaggo ta miƙa hannu da ƙarfinta. Ta duba. Ta juya shi wajen rana. Ta shafa da babban yatsa, ta tofa yawu ta goge, ta duba na hagu. Taɓaren da ke daka suka tsaya ɗaya bayan ɗaya.

Kowa a gidan ya san Gwaggo Kulsumu da Jibrilu uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma kowa ya san yadda take ambaton marigayiya innarsu, matar da a faɗarta ko ƙofar zaure ba ta taɓa leƙawa ba.

"Daka ne," in ji ta daga ƙarshe. "Taɓarya ta cinye shi."

"Ita ce," in ji Jibrilu. "Taɓarya ba ta da kirki."

Ya juya ga Imrana. Bai yi masa wa'azi ba. Ya ce ya ji an ce mai cindo kaya biyu yake ɗauke da su, ɗaya kawai yake saukewa, kuma ba shi ke riƙe da alli ba. Ya ce innarsa ta Ɗan Isa ta haifi mai biyar, uwar Imrana ma ta haifi mai biyar. In akwai maganar da za a yi, daga can za a faro, kuma shi ba ya cikin masu yin ta.

Imrana ya sunkuyar da kai yana kallon hannunsa. Sannan ya tashi ya ce akwai wani rago da ya gani.

Kafin magariba aka ji kukan rago a ƙofar gida. Babba ne, fari, irin na Nijar, wanda ya fi ƙarfin sunan talaka. Imrana ya ɗaure shi, ya yi ta zagaye tsakar gida yana gyara abin da bai lalace ba, har dai ya shiga ɗakin. Abin da ya faɗa wa Hanifa ba a ji ba. Abin da ta faɗa masa an ji kaɗan, kuma waɗanda suka ji sun ce ashe yarinyar tana da murya.

Da safe aka raɗa wa yaro Mubashir. Gwaggo Kulsumu ce ta fito da shi wurin wanzami, ta riƙe shi ana aski, kuma duk macen da ta kai hannu za ta buɗe zani sai ta tambaye ta ko wani abu ta ajiye a ciki.

Hanifa ta tafi Zurmi wankan jego, ta dawo. Haihuwarta ta biyu mace ce, da cindo a hannun hagu. Ungozoma ta zo da zarenta ta ɗaure. Da aka kawo tsumma, Hanifa ta ce a bar hannun ya sha iska. Aka dubi Gwaggo. Gwaggo ta ce dama ita tun da can ba ta ga amfanin tsumman ba.

Jibrilu ya ƙara 'yan shekaru yana zuwa gindin dogon yaro, wani lokaci Malam Abdussamad ya biyo su zauna. Ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Har Gwaggo ta bi shi, in an yi baƙi takan miƙa hannu ta nuna musu wurin da nata yake kafin taɓarya ta cinye shi, su kuwa su duba su ce lallai ga alama nan.